Alhamis ce, ba Talata ba

Litinin, Tahoua.

Yau rumfar Kawu ta cika da gardama tun kafin a sauke shayin farko. Abokin cinikinsa na Kumasi ya aiko da saƙo ta WhatsApp, da Ingilishi kamar kullum, a kan buhunan albasar Galmi da ke jiran mota. Ƙarshen saƙon ya ce: "Load by Thursday." Yaron mota ya rantse Talata ake nufi, wato gobe. Kawu ya dube ni tunda ni ne na yi lakwal, wato makarantar boko. Na ce masa Alhamis ce, amma wannan ƙaramar kalmar ta "by" da ke gaba ina son in ji ta daga bakin masani, don lodin gobe da lodin gata ba kuɗinsu ɗaya ba. In gobe ne, sai an nemo 'yan dako da masu ɗinkin buhu cikin dare, a fitar da sauran albasar daga rudu, rumbun ajiyarta, ba tare da an tsince ruɓaɓɓun ba.

Bayan azahar na tafi wajen tsohon mushenmu na Ingilishi, wato malaminmu na lakwal, wanda ya yi ritaya. Na iske shi a zaure.

"Baba Mushe, ku gafarce ni, tambaya ce ta kawo ni."

"Zauna, ɗana. Karanta mini."

Da na karanta sai ya tsayar da ni a kan lafazi. Ya ce Tuesday da Thursday suna rikita mutanenmu ne saboda Faransanci ba shi da sautin farkon Thursday, Hausa ma haka. Amma wanda ya yi makarantar allo ya san harafinsa: harafin nan ne mai ɗigo uku na farkon "thumma", bakin harshe tsakanin haƙora. Na gwada, ya zauna daram. Na daɗe ban ji daɗin darasi irin wannan ba, a ce abin da malamin allo ya koya mini ina yaro shi ne ya buɗe mini ranar Turawan Ingila.

Daga nan ya shiga asalin sunan. Mu namu lissafi ne da muka karɓo daga Larabci: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, har zuwa Alhamis, ta biyar. Su Rumawa sun raba kwana bakwai ga rana da wata da taurari biyar masu sunayen gumakansu. Alhamis ta faɗa wa Jupita, wanda suka ɗauka shi ke da tsawa, daga nan Faransawa suka samu jeudi. Kakannin Ingilawa da suka karɓi tsarin sai suka cire Jupita suka sa nasu mai tsawar, Thunor, wanda mutanen arewacin Turai ke kira Thor. Na tambaye shi ko ba laifi mutum ya riƙa ambaton sunan. Ya ce mai faɗar Thursday a Kumasi ko Sakkwato rana yake nufi, kuma ko watan Maris da muke rubutawa kullum daga sunan Mars, wani gunkin Rumawa, ya fito. Hankalina ya kwanta, ko da yake har yanzu namu ya fi mini: kana faɗar sunan rana kana jin matsayinta a mako.

Sai muka zo kan abin da ya kai ni. "On Thursday" ranar Alhamis ce ita kanta. "On Thursdays", da s a ƙarshe, kowace Alhamis, kamar yadda le jeudi yake a Faransanci. "By Thursday" kuwa wa'adi ne: ka gama yau, ka gama gobe, ruwanka, amma kada Alhamis ta wuce ba ka gama ba. Ya ja kunnena a kan "next Thursday", ya ce ko masu harshen kansu suna saɓani a kanta, wani ya ɗauka mai zuwa ce, wani ya ɗauka ta mako mai zuwa. Don haka a harkar kuɗi a riƙa haɗa rana da kwanan wata. Kuma da babban baƙi ake fara rubuta ta ko a tsakiyar jimla, saɓanin Faransanci. A taƙaice Thu ake sawa, Talata kuma Tue, harafi biyu ne kawai tsakaninsu.

Da zan tashi ya ƙara mini da cewa mutanen Kumasi ma suna raɗa suna da ranar haihuwa: ɗan Alhamis Yaw, 'yar Alhamis Yaa, daidai da Ɗanlami da Lami a wajenmu.

Na koma rumfa na yi wa Kawu bayani. Ya ce gobe a wuni ana tsince albasa, jibi a yi ɗinki, a yi lodi da sassafen Alhamis kafin rana ta yi zafi. Na rubuta amsa, na sa Thursday da kwanan watan a gefenta. Kafin magariba mutumin ya amsa cewa haka yake nufi.