Sautin da mota ta zo da shi da wanda na haɗa mata da kuɗina

Motata Golf 3 ce wagon, Beljiyam, da ita nake jigilar mutane da kaya daga ƙauyenmu nan wajen Gumel, Alhamis Maigatari, Lahadi Gujungu, wani lokacin har Kano idan an samu shata. Duk wanda yake wuni a kan sitiyari yasan rediyo ba kayan ado bane, shi ne abokin hira, shi yake korar gyangyaɗi bayan azahar idan fasinja duk sunyi bacci sun barka kai kaɗai da titi. Irin wannan motar tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera ta, kuma sifikun da kamfani ya saka mata su ne a jikinta har ta shigo hannuna.

Da safe idan tana tsaye a ƙofar gida ina jin labarai ba wata matsala, murya na fita daidai gwargwado. Amma da na hau hanya shikenan. Mu ba AC muke da shi ba, gilas a sauke yake, ga iska ga ƙarar inji ga gargadar burji kafin a hau kwalta, sai ka ga bakin rediyo kawai yana wuta amma baka gane me ake cewa, in ka ƙara murya kuma ƙofar direba ta kama karkarwa kwarr kwarr har fasinja ya ce don Allah a rage. Shi yasa na kaita wajen mai wayarin ɗinmu a cikin Gumel, dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Da ya ɓalle kwalin ƙofa ya ciro sifikar sai ya miƙo min yace, "Direba taɓa nan ka ji." Soson da ya zagaye bakinta ina taɓawa yana marmashewa a yatsana. Fuskar kuma takarda ce, maganaɗisun bayanta ɗan ƙarami. Yace zafin bazara da ƙurar hunturu da ruwan damina da yake bi ta gilas ya gangara cikin ƙofa, su suka taru suka cinye ta, sama da shekara 20 ai ta yi ƙoƙari.

Abin da ya burge ni da shi bai zagi kayan kamfani ba, duk da in ya zaga ciniki zai yi. Yace takardar nan da kake gani da gangan suka yi ta shafal, saboda rediyon kamfani ƙarfinsa kaɗan ne, wajen wat 15 ne ko sama kaɗan a kowace sifika, to sai sifika mara nauyi ce zata iya motsi sosai da ɗan wannan ƙarfin. Rediyo da sifika da waya da batir duk an auna su tare tun daga can. Wannan maganar sai daga baya na ganta a aikace.

Na fara da sifikun gaba guda biyu, inci 6.5, om 4 kamar na asali (om shi ne ma'aunin yadda sifika take tirje wa wuta), masu fuskar roba da bakin roba, da ɗan tiwita, wato 'yar ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, a tsakiya. Da aka ɗaura, gaskiya muryar mutum ta fito tas, karatun Alƙur'ani har ka ji makaranci yana jan numfashi, harafin sin da sad kowanne daban. Amma ƙara bata ƙaru ba ko kaɗan, kai bes ɗin ma, wato kaurin sauti, kamar ya ragu akan na da. Dalili shi ne sababbin sun fi nauyi da tauri, an yi su ne don su sha ƙarfi, rediyon kamfani kuma bashi da abin basu. Mutane da yawa anan suke tsayawa su ce an cuce su an sayar musu da jabu, alhali wani lokacin kayan lafiyarsu ƙalau, abin tura su ne babu.

Akwai wani aiki da ya yi a ranar da kusan bai ci kuɗi ba kuma wallahi ya canza sauti fiye da yadda nake zato. Ya yanko falawud ya yi zobe ya ɗaura sifikar a kai ta zauna daram ba rami ko ɗaya a gefenta, ya yanka tsohon tyub ya cusa duk inda kwalin ƙofa yake bugun ƙarfe, ya maida ƙusoshin robar da suka ɓalle. Yace iskar da sifika take turawa ta gaba da wadda take turawa ta baya in suka haɗu cinye juna suke, shi yasa sifikar da aka rataya da ƙusa biyu ana hango cikin ƙofa ta gefenta bata taɓa yin bes komai tsadarta. Sannan ya ɗauko batirin cocilan ya taɓa wayoyin kowace sifika, in fuskar ta turo waje to wayar da ke gefen fozitif na batirin ita ce fozitif ɗin sifikar. In aka juya ta ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sauti sai ya zama fanko. Na shiga motoci da yawa a tasha tun bayan nan da ina zama nake gane haka aka yi musu.

Bayan kaka da kuɗi ya ɗan shigo na canza rediyon kansa zuwa mai cin memori da bulutut, don kaset yanzu ko nemansa kake sai ka sha wuya. A fuskarsa an rubuta 50W x 4, wato wat 50 a kowace sifika guda huɗu. Hamsin ɗin nan ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai, wanda ake rubutawa RMS, bai wuce 22 ba ko kusa da haka, har manyan kamfanoni irin Pioneer haka suke rubutawa a cikin takardar kayansu in ka duba. Don haka an samu ɗan ƙari amma ba wani mai yawa ba, amfaninsa na gaske shi ne na huta da kaset kuma yana da ramukan da za a jona amfilifaya, na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Bamu yanke wayar mota ko ɗaya ba, soket muka nema mai shiga cikin na asali, tsohon rediyon kuma yana ɗaki a ajiye, ranar da zan sayar da motar in mai saye yana so a maida masa.

Wajen amfilifaya ne ake yiwa mutane wasa da hankali, kuma abin yana ɓata min rai don yawanci yaran da suka tara kuɗin da ƙyar ake yiwa. Za ka ga kwali an rubuta 3000W har 5000W da jan rubutu, ka ɗaga abin ka ji ba nauyi. Dattijon nan ya koya min lissafi mai sauƙi, yace ka manta da kwali ka duba fis ɗin da ke jikinsa. Mota in tana aiki wutarta wajen bolt 14 ce. In fis ɗin amfiya 20 ne, 20 sau 14 ya baka wat 280, iyakar abin da zai iya ja daga batir kenan kafin fis ya tsinke, kuma irin amfilifayar da aka saba kusan rabin wannan zafi yake zama ba sauti ba. To daga ina 3000 zata fito? Ni wanda na saya mai hanya huɗu ne, wat 60 RMS kowace hanya, fis biyu a jikinsa 20 20, in ka buga lissafin sai ka ga maganarsa ta yi daidai da fis ɗinsa.

Sai waya. Anan ma ya tsaya tsayin daka, yace babban amfilifaya da siririyar waya kamar ka kai babban injin ban ruwa fadama ne ka saka masa ɗan siririn tiyo. Akwai waya mai kauri a ido amma duk roba ce, akwai kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, in ka kankare da wuƙa sai ka ga fari a ciki, bata ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla kuma tana saurin zafi da ruɓewa. Muka saka mai kauri lamba 8 ta jan ƙarfe. Ya saka fis a kan wayar kusa da batir, bai kai kamu ɗaya ba tsakani, kuma wannan fis ɗin ba don amfilifaya bane don motar ne, domin in gargada ta sa ƙarfe ya goge wayar ta taɓa bodi a wani wuri, in babu fis a gindin batir wayar ja zata yi ta kama kafet, kuma a hanyar ƙauye kafin ka samu ruwa ko yashi mai yawa an gama. Duk wanda zai ja maka waya daga batir kai tsaye ba fis, ka ɗauke motarka ka tafi ko da kyauta yace zai yi. Nagatif ɗin ya yi shi gajere, ya kankare fenti sai da ƙarfe ya fito fes kafin ya ɗaure. Ya ja 'yar shuɗiyar wayar nan daga bayan rediyo wadda take kunna amfilifaya ta kashe shi tare da rediyo, in ba haka ba yana kwana a kunne ka tashi da asuba sai turi. Wayar sauti ta bi gefe ɗaya ta wuta ta bi ɗaya gefen, saboda wannan kukan wiiii da yake tashi in ka taka totur.

Ɗan abin murɗawar da suke kira gen, yara suna ɗauka na ƙara murya ne su murɗe shi ƙarshe. Shi ya kai rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, ya riƙa ƙara gen a hankali har sauti ya fara tsagewa sai ya dawo da shi baya kaɗan ya barshi. Yace yawancin sifikun da ake kawo masa koyil ya ƙone, tsagaggen sauti ne ya ƙona su. Ya kuma saita amfilifaya ta riƙa yanke bes ɗin da ke ƙasa da wajen 80 Hz, ma'aunin kauri da sirantar sauti, don kada 'yan sifikun ƙofa su riƙa wahala da abin da ba zasu iya ba.

Ranar da na fita da ita bayan wannan, a nan ne na ji inda kuɗina ya tafi. Ina kan kwaltar Gujungu gilas a sauke, murya a rabi kawai, ina jin kowace kalma. Ƙarar ma bata dame ni ba, tsabtar ce, sauti baya shaƙewa idan malami ya ɗaga murya ko an buga ganga.

Wufa kam, wato babbar sifikar bes mai akwati, ban saka ba, kuma ba don ban ji daɗinta ba, akwai yaro a tasharmu mai ita, in ya saka kiɗan kalangu har a ƙirjinka kake ji, akwai daɗi ba ƙarya. Amma akwatinta ya cinye wajen buhu biyu a but, ni kuma but ɗin nan da shi nake cin abinci, buhun riɗi ko zoɓo da zan bari a ƙasa kuɗi ne. Da daddare in bes ya buga fitilunsa na gaba har lumshewa suke, alamar altaneta mai cajin batir bata iya ɗaukar nauyin, don altanetar ƙananan motocin nan yawanci 70 zuwa 90 amfiya ce kuma fitila da fanka da inji duk a nan suke sha. Ranar kasuwa in ya kashe inji ya bar kiɗa yana jiran lodi, kafin la'asar sai an tura shi. Mai jin wa'azi da labarai kuma wufa bata ƙara masa komai, muryar mutum ba a can ƙasa take ba.

Yayana yana aiki a Dutse, yana da Sienna 'yar Amurka mai tambarin JBL a jikin sifikunta, shima kayan kamfani ne ba a taɓa ba. Da ya zo gida da sallah muka saka karatu ɗaya a tawa muka saka a tasa. In faɗi gaskiya, gilas a rufe AC na aiki tasa ta fi tawa, sauti yana zagaye ka ta ko'ina, saboda motar kanta bata shigar da ƙarar waje kuma akwai amfilifayar kamfani a ɓoye a ciki da aka saita da girman motar. Yace yana tunanin shima ya kai a zuba masa sababbi, nace Yaya don Allah kar ka bari a taɓa ta. Irin waɗannan, Toyota mai JBL ko Nissan da Mazda masu Bose, sau da yawa sifikunsu om 2 ne, in ka cusa ta kasuwa mai om 4 sai murya ta ragu, in ka cire rediyon kuma maɓallan kan sitiyari su daina aiki sai an nemo wani abin haɗi, ga wanda bai san kan wayarta ba zai yi ta yanka yana gwadawa. Inda tawa ta fi tasa wuri ɗaya ne da ya bashi mamaki, AM. Rediyon motar Amurka goma goma yake tsallakawa, daga 590 sai 600, Rediyon Najeriya Kaduna kuma a 594 yake, don haka bata taɓa zama a kansa daidai sai shuu. Nawa tara tara yake tafiya yana kama shi. FM irin Freedom a 99.5 duk muna kamawa.

Amfilifayar a ƙarƙashin kujerar gaba take, an ɗora ta akan katako an bar mata sarari ta sha iska, ba a but ba inda buhu zai danne ta ko jarkar manja ta zubo mata. Lokacin hunturu nakan ciro kafet in kaita wajen mai faci ya hura mata iska don ƙura tana toshe ta ta riƙa ɗaukar zafi tana ɗaukewa. Sifikun baya kuwa har yanzu na kamfani ne, nasu basu yage ba, an jona su a amfilifaya amma an rage musu sosai, kusan duk sautin a gaba yake. Masu zama a baya yawanci dattawa ne da mata masu goyo, sifika kusa da kunnensu take, abin da ni nake ji daidai su a kansu yake sauka. Haka kuma ina so in riƙa jin hon ɗin tirela da mai babur a bayana, musamman ranar Alhamis da motocin shanu suke cika hanyar Maigatari.