Ashe ramin kuza ne

Jiya na kai yara tafkin Rayfield a Jos, muka shiga kwale-kwale kowa da rigar hana nutsewa, ga sanyin nan na Jos yana ratsa ƙashi, yara sai ihu suke ana ɗaukar hoto. Ni kuwa wallahi hankalina na kan kakanmu, don wannan tafkin fa ba Allah-ya-yi ba ne, ramin haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, da aka watsar da shi ruwa ya cike. Shi ma a irin ramukan nan ya yi lebura, ƙasa a ka tun asuba, har ya rasu yana kukan ciwon wuya. Autata ta ce Baba zurfinsa ya kai ina? Na ce ke dai zauna daidai, daina leƙe.