Wuƙar cin nama mai zanen Damaskus: yadda na zaɓi tawa

Wuƙar da ake yanka gasasshen nama da ita a kan tebur tana da maƙiyi da wuƙar madafa ba ta da shi, wato farantin tangaran. Tangaran ya fi ƙarfe tauri, don haka duk sanda bakin wuƙa ya ratsa nama ya dira a kansa, sai kaifin ya ragu. Da wannan tunani na shiga neman wuƙaƙen da zan saya, kuma shi ya hana zanen nan mai kama da igiyar ruwa ya ɗauke mini hankali.

Zanen kuwa yana da kyau, ban musanta ba. Masu sayarwa suna kiransa ƙarfen Damaskus, amma ba shi ne na takubban da can ba. Wancan, a tukunya aka riƙa narka shi a kudancin Indiya, zanensa kuma daga cikin ƙarfen yake fitowa. Na yau haɗi ne. Maƙeri zai jera falle-fallen ƙarfe iri biyu, galibi 1084 mai yawan kabon da 15N20 mai nikel kimanin kashi 2 cikin ɗari, ya sa su a wuta har zafi ya haura digiri 1,200 a ma'aunin Celsius, ya barbaɗa musu garin boras don kada datti ya shiga tsakani, sannan ya yi ta dukansu har su zama dunƙule ɗaya. Sai ya miƙar, ya yanka, ya ninka, ya koma wuta. Kowane ninki yana ruɓanya adadin: falle 10 in aka ninka sau 5 sun zama 320. Murɗawa ko huda ramuka kafin a daddale shi ne ke ba da siffar zanen. Duk da haka ido ba ya ganin komai sai an tsoma ruwan wuƙar a sinadarin da ke cin ƙarfe; mai kabon ya yi baƙi, mai nikel ya tsaya da haskensa. Bill Moran na Amurka ne ya sake fito da wannan ƙira a idon masu wuƙa a 1973.

Yawancin na masana'anta, irin waɗanda ake yi a Seki ta Japan, falle-fallen riga ce kawai. In ka ga an rubuta falle 67, to 33 ne a kowane gefe, sai guda a tsakiya, wanda sau da yawa ƙarfen Japan ne mai tauri da ake kira VG-10. Wannan gudan shi kaɗai ke yanka. Saboda haka tambayar da na riƙa yi wa duk mai sayarwa ita ce wane ƙarfe ne a tsakiya, kuma nawa ne taurinsa a ma'aunin Rockwell. Wanda ya hau ba ni labarin yawan falle maimakon amsa, na yi gaba.

VG-10 yana kaiwa 60 zuwa 61. Yana daɗewa da kaifi, sai dai in bakin ya yi siriri da yawa yakan ɓantare a kan tangaran ko ƙashi. Ƙarfen Jamus X50CrMoV15, wanda aka sani da wuƙaƙen Solingen, yana wajen 56 zuwa 58. Bakinsa lanƙwashewa yake yi, gyara kuma ba wuya. Ga gidan da baƙi da yara za su riƙa gurza wuƙa a faranti, a ganina na Jamus ya fi dacewa.

Akwai kuma na bogi, waɗanda aka zana musu zanen da leza a sama. Na riƙa duba bayan wuƙar don ganin ko layukan sun ratsa, sannan in jera biyu daga akwati ɗaya. In zanensu ya zo daidai tamkar hoto, bugu ne.

Masu haƙoran zarto ba sa saurin dakushewa, tunda tsinin haƙoran ne kaɗai ke taɓa faranti, amma yagar nama suke yi kuma wasa su wahala ne. Na ɗauki masu baki sumul, VG-10 a tsakiya, ƙarfen ya zarce har ƙarshen mariƙi, domin ina da dutsen wasa kuma aikin ba ya gundura ta. Ba sa shiga injin wanke kwanuka. Da hannu nake wanke su, in goge su bushe nan take, in mayar da kowace gurbinta don kada bakunansu su gogi juna.