Daga Bayreuth: tsohuwar saman bene da fiyanonta

Salamu alaikum 'yan gida, da fatan kowa lafiya. Masu damuna a WhatsApp da tambayar biza da kuɗin haya a Jamus ku yi haƙuri zan zo kansu, bari in fara da abin da ya addabe ni tun shigowar sanyi.

Akwai wata tsohuwa a saman ɗakina, kullum da yamma sai ta hau fiyano ta yi ta nanata kiɗa ɗaya, ta kai tsakiya ta tsaya ta koma farko, ni kuma ga sanyi ga karatu wallahi har haddace shi na yi ba da sona ba. Sauƙinta ɗaya, goma na dare na yi take tsit, nan ba a wasa da dokar hayaniya.

Ran nan muka haɗu a matakala na ce Mama wai wane kiɗa ne wannan? Ashe ƙarshen wata opera ce, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, ta Bajamushen nan mai tsara kiɗa Richard Wagner, mai suna Tristan da Isolde, da aka fara nunawa a Munich a 1865. Tristan ya cika a hannun Isolde, daga baya ta tsaya kan gawarsa tana waƙa har ita ma ta bi shi. A 1867 shahararren makaɗin fiyano Franz Liszt ya kwashe wurin nan kaf, muryar matar da masu goge da masu busa, ya ɗora wa yatsu goma a kan fiyano. Ta nuna min inda wahalar take, goge yana jan sauti yadda ka so, fiyano kuwa kana taɓawa sautin ya fara mutuwa, shi ya sa Liszt ya sa hannu ya dinga karkarwa a kan maɓallan don kar kiɗan ya yanke. Nan ne take maƙalewa kullum.

Ga gulma kuma, wanda ya jagoranci makaɗa a nunin farko, Hans von Bülow, mijin Cosima ne 'yar Liszt, ita ce daga baya ta koma ta auri Wagner. Liszt ɗin ma a garin nan ya rasu a 1886, na je har kabarinsa.

Takarda ce fa ta riƙe kiɗan nan sama da shekara 150. Ni dai wanda kaset-kaset ɗin Baba ke hannunsa ya buɗe akwatin nan ya duba.

Batun biza, ku fara neman ranar ganawa da wuri, sauran sai wata wasiƙar. Ga ta can ma ta fara.