Yadda na bi diddigin raɗaɗin da nake ji a matsematsi

Raɗaɗin da ya dame ni ba irin wanda ke kwantar da mutum ba ne. Wani ɗan zafi ne, kamar an goga barkono a fata, a matsematsina na hagu, daidai inda cinya ta haɗu da mara, yana zuwa yana tafiya, wani lokaci kuma ya gangara zuwa saman cinya ta ciki. Ya fara ne da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, kuma da yake sana'ata ɗinki ce, a zaune nake wuni kan keke. Duk macen da na yi wa zancen, daga yayata har maƙwabtana, amsarta ɗaya ce, wato sanyi ne. Wata ta ce in shiga ruwan bagaruwa, wata ta ce in je kemis a yi mini allurai, wata kuma ta aiko mini da sassaƙe a jarka. Na yi musu godiya, amma ban sha komai ba, domin na ga 'yar'uwata da ta daɗe tana shan maganin sanyi iri-iri ba tare da an taɓa yi mata gwaji ba, kuma har yau tana kuka da abu ɗaya.

Kafin in je asibiti sai na zauna na lura da ciwon sosai, ina rubutawa a bayan littafin awon ɗinkina. Na lura ba ya ƙaruwa idan ina fitsari, babu ƙaiƙayi, babu wani ruwa da ya canza launi ko wari, kuma ba ya bin kwanakin al'ada. Abin da ke tayar da shi shi ne dogon zama, musamman da yamma, kuma yana lafawa idan na kwanta na miƙe ƙafa. Wannan ɗan rubutun ya taimaka ƙwarai, domin da na nemi a haɗa ni da likita mace, aka kuma haɗa ni, tambayoyinta na farko su ne waɗannan, sannan ta ce, "Malama, nuna mini wurin da yatsa ɗaya." Mu mata mukan ce "ƙasana ke ciwo" saboda kunya, alhali fata, da jijiya, da mafitsara, da mahaifa, da gaɓar ƙugu duk maƙwabtan juna ne a wannan ɗan wurin, kuma kowanne da irin ciwonsa.

Ta fara da ciwon mafitsara, tun da yana yawan kama mata. Ta bayyana mini cewa bututun fitsarin mace gajere ne, bai wuce santimita 4 ba, shi ya sa ƙwayar cutar da ke zaune a hanji, wadda ake kira E. coli, take saurin hawa mafitsara, kuma shi ne dalilin da ya sa ake son tsarki ya tashi daga gaba zuwa baya. Mai wannan ciwo takan ji zafi lokacin fitsari, ta riƙa zuwa banɗaki a kai a kai tana yin kaɗan. Malamar ɗakin gwaji ta miƙo mini 'yar kwalba ta ce in bar fitsarin farko ya zuba, in tari na tsakiya. A nan na gane amfanin ƙin shan magani da na yi, domin wadda ta riga ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin gwaji, sau da yawa sakamakonta kan fito babu komai alhali cutar tana nan. An kuma yi mini gwajin ciki da na sukari, duk suka fito lafiya.

Sai aka ɗauki ruwan gaba da ɗan tsinken auduga. Cutar da ke sa farin ruwa mai kauri da gudaji, tare da ƙaiƙayi da raɗaɗi, tana samun kusan mata 3 cikin 4 ko sau ɗaya a rayuwa, kuma juna biyu, da ciwon sukari, da yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta su ne ke buɗe mata ƙofa. Wannan ya sosa mini rai, domin yana nufin allurai da ƙwayoyin da ake ɗirka wa mata da sunan sanyi su kansu suna iya haifar da abin da ake gudu. Likitar ta ce yawancin waɗannan cututtuka ba a bakin masai ake ɗaukarsu ba, duk da cewa haka ake ta faɗa. Waɗanda ake ɗauka ta hanyar saduwa kuwa, maganin mace ita kaɗai ba ya isa, dole maigida ya sha, idan akwai abokiyar zama ita ma a duba ta, in ba haka ba ciwon zai yi ta zagaye gidan.

Fata ma ta duba ta da fitila. A lokacin zafi, gumi da gugar cinya suna sa lungun matsematsi ya yi ja ya saɓule, kuma makero yana son wurin, inda yake fitowa da baki zagayayye mai ƙaiƙayi. Ta gargaɗe ni game da man shafawa mai haɗi uku da ake sayarwa a ko'ina, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take amma yana ƙara wa makero ƙarfi, yana kuma sirantar da fata. Ta tambaye ni ko ina matsi, ko tsarki da alif, ko zuba maganin wanke rauni a ruwan wanka, ko amfani da sabulu da audugar mata masu ƙamshi, domin kowannensu yana iya ƙona wannan fata mai laushi ba tare da wata cuta ba. A ganina wannan tambaya ce da ya kamata kowace uwa ta sani kafin ta haɗa wa amarya kayan gyara.

Duk wannan bai nuna komai ba, sai ta koma lalube da hannu. Ta nemi kaluluwa, wadda kan kumbura idan akwai rauni ko ƙurji a ƙafa ko a gaba, ba ta samu ba. Ta sa na miƙe tsaye na yi tari tana dafe da wurin, don ta ji ko akwai ƙullutun da ke turowa, wato ƙaba, wadda mutane ke ɗauka ciwon maza ne kaɗai alhali irin da ke fitowa a saman cinya ta fi kama mata. Ta juya ƙafata ciki da waje ta ga gaɓar ƙugu lafiya take. Daga nan ta ga tabon aikin haihuwar da aka yi mini, ta bi shi da yatsa a hankali, tana isa ƙarshensa na hagu ta danna, sai raɗaɗin nan ya tsarga mini har cinya, shi ɗin dai da na sani.

Ashe jijiya ce. Akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke ratsa bangon mara su sauka matsematsi, kuma tabon tiyata yana iya riƙe ɗaya daga cikinsu, har bayan shekaru. Abin da ke tsokanar tawa shi ne ɗamarar matse ciki da nake sawa a ƙarƙashin kaya, wadda bakinta ke zama daidai kan tabon idan na duƙa kan keke. Ta ce akwai wata jijiyar kuma da matsattsun kaya, ko ƙiba, ko juna biyu ke dannewa, amma ita zafinta a gefen cinya na waje ake jin sa. Babu allura, babu maganin sanyi. Ta ce in ajiye ɗamarar, in sassauta ɗaurin zani, in riƙa tashi ina taka ƙasa tsakanin ɗinki da ɗinki, idan bai lafa ba akwai maganin ciwon jijiya ko allurar kashe zafi da ake yi a wurin.

Kafin in fito ta jaddada mini alamun da ba a jira da su: zazzaɓi da ciwon kwiɓi, jini a fitsari, ƙullutu mai tauri da ya ƙi komawa tare da amai, ƙuraje masu ruwa da suka fito a gefe ɗaya bayan raɗaɗi, da kuma ciwon mara mai tsanani ga wadda al'adarta ta makara, domin yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe yana iya kisa cikin sa'o'i. Na haddace su, na kuma karanta wa yaran da nake koya wa ɗinki.

Cikin 'yan makonni da ajiye ɗamarar raɗaɗin ya ragu sosai. Yakan ɗan dawo a lokacin ɗinkin salla, idan aiki ya hana ni tashi daga kan keke, kuma likitar ta ba ni ranar komawa don ta sake duba tabon.