Yadda na'urar kofi mai ɗigo ke hawar da ruwa sama ba tare da inji ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da na'urar dafa kofi mai ɗigo ya san ƙarar nan da take yi, ɓul-ɓul-ɓul, ta ɗan yi shiru, ta sake. Da yawa suna ɗauka akwai wani ƙaramin inji a ciki da ke tura ruwa sama. Babu shi. Idan ka cire filogi, ka kifa irin wadda ta fi yawa a kasuwa, ka kwance marfin gindinta, abin da za ka tarar bai taka kara ya karya ba: wani bututun alminiyom mai lanƙwasa, tiyo biyu na roba, 'yan wayoyi, da wasu ƙananan abubuwa biyu ko uku manne a jikin bututun. Zafi ne kaɗai ke yin aikin gaba ɗaya. Wanda ya gane wannan zai iya gano kusan duk wata matsala da na'urar za ta kawo, tun kafin ya kai ta wurin mai gyara.

Ga hanyar da ruwan ke bi. Ka zuba ruwan sanyi a tanki. A ƙasan tankin akwai rami, daga nan tiyo na farko ke saukar da ruwan zuwa bututun alminiyom. Wannan bututu tagwaye ne: ɓangare ɗaya rami ne da ruwa ke wucewa, ɗayan kuma shi ne elemen, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinta, an lulluɓe ta da wani farin gari mai hana wuta taɓa ƙarfen. Da ka kunna, elemen ya ɗauki zafi, ɗan ruwan da ke cikin bututun ya tafasa. Tafasar ta haifar da kumfar tururi, tururi kuwa yana buƙatar wuri fiye da ruwa nesa ba kusa ba, don haka dole ya nemi mafita.

A nan ne ƙaramin abu mafi muhimmanci yake. Tsakanin tanki da bututun akwai bawul mai hanya ɗaya, galibi 'yar ƙwallo ce da ba ta fi ƙwayar wake ba, a cikin wani ɗan gida na roba. Idan ruwa na saukowa daga tanki sai ta kauce ta ba shi hanya. Idan tururi ya turo daga ƙasa sai ta toshe ramin. Tunda baya a rufe take, tururin sai ya bi tiyo na biyu, wanda ya miƙe sama, yana tura ruwan zafin da ke gabansa har zuwa kan na'urar. Kamar dai yadda kunu ke tasowa ya yi ambaliya idan ya tafasa, sai dai a nan an tsuke masa hanya zuwa bututu ɗaya siriri. Da wannan guntun ruwa ya fita, matsin ya sauka, ƙwallon ta buɗe, sabon ruwan sanyi ya shigo, a sake daga farko. Shi ya sa ruwan ke fitowa guntu-guntu, kuma shi ya sa ƙarar ke ƙaruwa a ƙarshe, lokacin da tankin ya ƙare kuma tururi zalla ke fita.

A sama, ruwan yana fita ta wani faifai mai ramuka, ya yayyafu a kan garin kofi da ke cikin kwando, ya ratsa garin da takardar tacewa, ya ɗiga cikin jug. Daga nan nauyinsa ne kawai ke saukar da shi.

Takardar ta girmi na'urar. Wata mata a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ita ce ta yi rajistar tace kofi da takarda a 1908, bayan ta huhhuda gindin wata tukunyar tagulla ta shimfiɗa takardar tsotse tawada ta ɗanta. Na'ura mai aiki da lantarki ta biyo baya a 1954, mai suna Wigomat, ita ma a Jamus, sannan wata mai suna Mr. Coffee ta shiga gidajen Amurka daga 1972. Tsarin ciki na masu arha ya daɗe bai canza sosai ba.

Ƙananan abubuwan da ke manne a jikin bututun su ne masu tsaron na'urar. Ɗaya makashin zafi ne, wanda masu gyara ke kira tamostat. Muddin akwai ruwa a bututun, zafinsa ba ya wuce na tafasa da yawa. Da ruwa ya ƙare sai ƙarfen ya fara yin zafi fiye da kima, tamostat ya yanke wuta, in ya huce ya mayar. Wannan kunnawa da kashewa ita ke riƙe zafin farantin da jug ke zaune a kai, domin a yawancin masu arha elemen ɗaya ne ke dafa ruwa kuma ke ɗumama farantin. Sauran kuma fis ne na zafi, ɗaya ko biyu. Idan tamostat ya lalace ya ƙi yankewa, fis ya narke ya kashe na'urar gaba ɗaya. Idan na'ura ta mutu murus, ko fitila ba ta kawowa, sau da yawa fis ɗin nan ne. A sa sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon, a kuma duba tamostat, don fis ba ya ƙonewa haka kawai. Kada ka yarda mai gyara ya haɗe wurin da waya ya ce ai ta tashi. Jikin na'urar roba ne, kuma wannan fis shi ne kariya ta ƙarshe tsakaninka da gobara.

Maganar wuta tana da muhimmanci a wajenmu fiye da yadda takardar da ke cikin kwali ke nunawa. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 600 zuwa 1,200. Lissafin mai sauƙi ne: ɗaga zafin lita 1 na ruwa daga digiri 25 zuwa 95 yana ɗaukar elemen mai wat 1,000 kusan minti 5. Amma ƙarfin elemen yana faɗuwa fiye da yadda wutar ke faɗuwa. Idan na'ura mai wat 1,000 da aka yi don bolt 230 ta samu 180 kacal, ƙarfinta zai koma wajen wat 610, kuma aikin minti 5 zai kai 8. Kofin zai daɗe a jiƙe, ɗanɗanonsa ya canza, mai shi ya zargi garin. Ƙaramin janareta mai wat 650 ko 800 ba zai ɗauki mai wat 1,000 ba, ƙaramar inbata ma haka. Sai kuma a kula da kayan gwanjo: duba rubutun da ke gindin na'urar kafin ka biya. Idan an rubuta 120V, wato bolt 120, ta Amurka ce, kuma sa ta a soket ɗinmu kai tsaye zai sa elemen ya ja kusan ninki huɗu na ƙarfinsa ya ƙone. Taransifomar da za ta iya ɗaukarta kan kai kuɗin wata na'urar, don haka gara a bar ta a inda take.

To, ɗanɗano fa? Abubuwa uku ne: awo, niƙa, da zafin ruwa.

Awon da ya dace shi ne giram 55 zuwa 60 na gari ga kowace lita ta ruwa. Cokalin cin abinci shafaffe yana ɗaukar kimanin giram 5, to lita 1 tana neman cokali 11 ko 12. Mutane kan yi mamakin wannan yawa, su rage zuwa rabi, su samu ruwa mai launi da ɗaci-ɗaci. Dalilin ɗacin shi ne, ruwa mai yawa da ya ratsa gari kaɗan yana wanke abubuwa masu daɗi tun da wuri, sannan ya ci gaba da jawo masu ɗaci. Idan kofi mara ƙarfi kake so, dafa shi da cikakken awo ka sirka da ruwan zafi a kofinka. Kada kuma lambobin ƙidayar kofuna da ke jikin tanki su ruɗe ka. Kofi ɗaya a wajen masu ƙera na'urar mililita 125 ne zuwa 150, bai kai kofin shayin da muka saba da shi ba. Sannan garin yana riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, to idan ka zuba lita 1 a kan giram 60, abin da zai sauka jug bai wuce mililita 880 ba. Ba yoyo take yi ba. A ganina ƙaramin sikelin kicin ya fi gyara kofi fiye da sauya na'ura zuwa mai tsada.

Niƙa ita ce ke sarrafa lokaci, tunda na'urar ba ta san komai ba sai zubo ruwa. Ana son gari tsaka-tsaki, mai ɗan tsaki-tsaki idan ka murza a yatsa, ba mai laushin fulawa ba. Idan ya yi laushi sosai, ƙananan ƙwayoyin suna toshe ramukan takarda, ruwa ya taru a kwando, ya cika, ya tsallake bakin takardar da gari a cikinsa, wani lokaci har ya malalo kan tebur. Wannan shi ke faruwa ga wanda ya zuba gahawar da aka daka lukui don dafawa a jabana irin ta Sudan, ko garin da aka niƙa don injin esfireso. Idan kuma ya yi gwari-gwari, ruwa ya wuce da sauri, kofin ya fito da tsami kuma salam. Cikakken jug ya kamata ya kammala tsakanin minti 4 zuwa 6. Kofi mai narkewa irin Nescafé da masu shayi ke amfani da shi ba na wannan na'ura ba ne, an riga an dafa shi an busar, ruwan zafi kawai yake nema.

Zafin da ake so ruwa ya taɓa gari da shi digiri 92 ne zuwa 96. A nan masu arha ke da rauni: ruwan farko yana bin tiyo mai sanyi, wani ma a cikin tankin ruwan sanyi yake ratsawa, sai ya iso bai kai ba, na ƙarshe kuma ya iso da tururi. Akwai dabara biyu. Ta farko, ka fara tafiyar da kofi ɗaya na ruwa zalla ba gari, da takardar a ciki. Wannan zai ɗumama hanya da jug, ya kuma wanke warin takarda. Ta biyu, idan kwandonka na da ɗan murfin ƙasa da ke rufewa idan an janye jug, ka fara dafawa ba jug na daƙiƙa 20 zuwa 30, ruwa ya ɗan taru, ka juya garin da cokali, sannan ka mayar da jug. Sabon gari yana fitar da iska yana kumbura, iskar kuma tana korar ruwa, juyawar ce ke sa ko'ina ya jiƙa. Kada ka wuce daƙiƙa 30, kwandon zai cika. Bayan an gama, leƙa cikin kwandon: idan ka ga rami a tsakiya da busasshen gari a gefe, ramukan faifan sama sun toshe ko kuma ba sa watsa ruwa da kyau.

Takarda ko matatar ƙarfe? Takarda tana riƙe man kofi, ciki har da kafestol, sinadarin da ke ɗaga kolestarol a jini. Matatar ƙarfe ko ta raga tana barinsa ya wuce, kofin ya fi kauri, da ɗan laka a ƙasa. Mai fama da kolestarol ya zaɓi takarda. A sayi daidai da siffar kwandon, mai tsini ko mai faffaɗan gindi, a kuma naɗe bakin ɗinkin mai tsinin kafin a sa, don kada ta rufta.

Cutar da ta fi kashe waɗannan na'urori ita ce farin ɓawon nan da ke manne wa gindin butar dafa ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, kuma tafasa ce ke sa shi daskarewa. A cikin bututun da faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba, ɓawon yana yin ɓarna biyu: yana tsuke hanya, yana kuma shiga tsakanin ƙarfe da ruwa ya hana zafi wucewa. Alamominsa a bayyane suke. Lokacin dafawa ya tsawaita, ƙara ta yawaita, tururi ya fi ruwa, wani lokaci tamostat ya yanke wuta alhali da sauran ruwa a tanki. Idan kuma ɓarɓashi ya maƙale a bawul, ƙwallon ba za ta rufe ba, sai ka ga kumfa na tasowa a cikin tanki, ruwan tankin ya yi ɗumi, amma babu abin da ke hawa sama.

Maganin tsami ne. Haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi, ko ka narkar da cokali 2 na garin sitirik asid, wato sinadarin tsamin lemo, a lita 1 na ruwa. Cika tanki, sa takarda ba gari, kunna har rabi ya sauka, kashe, bar shi minti 30, sake kunnawa ya ƙarasa. Daga nan ka tafiyar da ruwa zalla cike da tanki sau 2 ko 3 har wari ya tafi. Mai amfani da ruwa mai nauyi kullum ya yi haka duk wata, mai ruwa mara nauyi duk wata 3 ya isa. Kwando da jug kuwa a wanke su da sabulu bayan kowane amfani, domin man kofi da ya kwana yana yin ɗoyi, a kuma bar marfin tanki a buɗe ya bushe.

Saura farantin ɗumi, wanda ni ban yarda da shi ba. Kofin da ya zauna a kansa yana ci gaba da dahuwa, ƙamshi ya gudu, ruwa ya ƙafe, ɗaci ya ƙaru. Tun 2015 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu jug na gilashi su kashe kansu cikin minti 40, don tattalin wuta, amma kofin ya riga ya sauya tun kafin nan. Da ɗigo ya tsaya, juya jug ɗin sau ɗaya, domin na ƙasa ya fi na sama ƙarfi, sai ka juye cikin filas da ka riga ka ɗauraye da ruwan zafi, ka kashe na'urar.