Keto da sikeli: kar satin farko ya ruɗe ki

Tun da maganar keto, wato tsarin cin abinci na rage ƙiba, ta shigo gari, kusan duk guruf ɗin mata na WhatsApp a nan Birnin Kebbi sai kin ga an turo hoto biyu, na da da na yanzu, an rubuta wai cikin wata ɗaya ta zubar da kilo goma sha kaza. Ni ma ina keto kuma na ga amfaninsa a jikina, shi ya sa abin ke min ciwo in na ga 'yar uwa ta fara da zafinta, ta bar tuwo ta bar shinkafa ta bar masa, sati uku kawai ta watsar tana cewa abin ƙarya ne ko jikinta ne bai karɓa ba. Jikinta lafiya lau yake wallahi, lissafin da aka ba ta tun farko ne ba daidai ba.

Shi keto ai rage sitaci da suga ne sosai, yawanci ƙasa da giram 50 a yini, wasu ma 20 suke tsayawa, har jiki ya koma ƙona kitse hanta na samar da abin da ake kira kiton. Don ki gane ƙanƙantar giram 50 ɗin nan, dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci wajen giram 28, kenan malmalar tuwon shinkafa ɗaya irin wadda muke sawa a kwano ta cinye kason yini har ta wuce. Mu kuwa Kabawa kin san mu da shinkafa, a fadamunmu ake noma ta, safe da rana da dare tana iya zuwa gabanki ta fuska uku.

To ga inda ruɗun yake. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da kin daina cin sitaci jiki zai cinye wannan ajiyar cikin 'yan kwanaki, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari, shi ya sa a satin farko za ki ga kina ta zaryar banɗaki, ki hau sikeli ki ga kilo 2 ko 3 sun tafi. Kamar matse jiƙaƙƙen zani ne, nauyi ya ragu nan take amma zanin yana nan yadda yake. Sai mace ta ɗauka haka za a ci gaba, ta zauna ta lissafa kilo 3 sau huɗu, har ta kai wa tela ashobin biki ta ce a matse mata shi. Sati na biyu sikeli ya ba ta rabin kilo, na uku ya tsaya cak, shi ke nan gwiwa ta yi sanyi.

Alhali rabin kilon nan shi ne na gaskiya. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700, in kin rage kalori 500 kullum daga abin da jikinki ke buƙata, a sati kusan rabin kilo kenan. Likitoci ma abin da suke cewa rabin kilo zuwa kilo 1 a sati shi ne tafiya mai lafiya. Kuma ba kowa ne ke tafiya ɗaya ba, mai ƙiba sosai ta fi saurin sauka da farko, maza galibi sun fi mu sauri, don haka in ke da maigida kuka fara tare kika ga tumbinshi na sauka ke shiru, kar ki sa wa ranki damuwa. Ga kuma al'ada, kwanakin da take gabatowa jiki na tara ruwa sikeli ya hau ba tare da kin ci komi ba.

Haka ma ranar biki. Wata ƙawata ta je suna a Jega, aka ajiye mata tuwon shinkafa da miyar taushe da zafinsu, uwar miji na zaune gefe tana ce mata "ci mana ɗiyata, mi kike jira", ai ba yadda za ta yi, ta ci. Bayan kwana biyu ta kira ni muryarta kamar za ta yi kuka wai kilo 2 sun dawo, wahalar wata guda ta tashi a banza. Na ce mata Yaya kwantar da hankalinki, kafin mutum ya tara kitse kilo 2 sai ya ci rarar kalori sama da 15,000, abincin mace na kusan sati guda kenan, kwanon tuwo ɗaya ba zai yi wannan ba. Ajiyar suga ce ta koma hanta da tsoka ta ja ruwanta. Ta koma kan tsarinta, ruwan ya sake fita.

In ana son ganin abin da ke faruwa a tsawon lokaci, akwai binciken da aka yi a jami'ar Stanford ta Amurka aka fitar a 2018, mutum 609 aka bi shekara guda cur, rabi sun rage sitaci rabi sun rage mai. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage mai kilo 5 da ɗoriya. A shekara fa, ba a wata ba. Ba tsantsar keto suka yi har ƙarshe ba, sun fara da giram 20 suka riƙa ƙarawa daidai yadda za su iya jurewa, kuma a cikinsu wasu sun sauke da yawa wasu ma ƙaruwa suka yi. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne keto hanya ce mai kyau ga wanda ta yi wa daidai, musamman don tana rage jin yunwa, amma ba ta fi ƙarfin lissafi ba.

Shi ya sa nake ganin gara ki sa burin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki a wata shida. Mai kilo 90 kenan ta nemi sauke kilo 4 da rabi zuwa 9. Na san a kunne kamar kaɗan ne, amma wannan ɗin ya isa ya taimaka wa sugan jini da hawan jini, gwiwa ta samu sauƙi, ki yi ruku'u da sujada ba nishi.

Sai tarkon da ya fi kama mu a nan, wato tunanin tunda keto ne a ci mai yadda aka ga dama. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori wajen 120 ne, man shanu da manja ma duk kusan nan suke. Soyayyar gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, kuma kin san yadda gyaɗa take, kina hira kina ɓarewa sai ki ga leda ta ƙare. Kilishi da tsire akwai ƙuli a jikinsu, wani kilishin har da suga. Wake da ƙosai da alale suna da amfani amma sitacinsu ya yi wa keto yawa, fura kuwa ba a ma maganarta. Abin da ya rage mana ba kaɗan ba ne dai Alhamdulillahi, ga kifin Argungu da na Yauri, ƙwai, awara, kaza, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, kabeji, miyar kuka da nama a sha ta haka nan. Sai dai a faɗi gaskiya, tsada gare shi, tukunyar gida ta shinkafa ce ke kuma kina dafa taki daban, in aljihu ba zai ɗauka wata da watanni ba gara ki rage tuwon zuwa rabi ki cika kwano da ganye da ki yi keto na sati biyu ki bari.

Kwanakin farko akwai ciwon kai da kasala da taurin bayan gida, wani lokaci baki ya riƙa wani wari, yawanci suna wucewa cikin sati ɗaya ko biyu. Ruwa da gishirin jiki ne ke fita, ga zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40, don haka a sha ruwa sosai. Kuma don Allah mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar sauke suga kar ta fara sai ta ga likita, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai shan maganin hawan jini ma haka, da mai ciwon ƙoda ko hanta. Mai ciki da mai shayarwa kuwa su haƙura tukuna. Asalin tsarin nan ma a asibiti aka fara shi, a Amurka a 1921, don masu farfaɗiya musamman yara, likita na duba su.

Awo kuma, ni sau ɗaya nake hawa sikeli a sati, da safe bayan na fito banɗaki kafin in ci komi, sikeli ɗaya kullum, don na kemis da na gida ba sa faɗin magana ɗaya. Sai in ɗauki tef ɗin tela in auna ƙugu daidai cibiya in rubuta a littafi, ƙarshen wata in duba su gaba ɗaya. Sau da yawa sikeli na tsaye amma siket ya fara juyawa a ƙugu. In kuma sati shida sun wuce sikeli da tef duk ba motsi, ki fara duba gyaɗa da man da kike zubawa da barcinki, ki tuna jikin da ya ragu abincin da yake buƙata ma ya ragu, ki ƙara tattaki da yamma in rana ta yi sanyi. In duk kin gyara shiru, musamman in al'adarki ma na rikicewa ko kullum kina cikin gajiya, ki je asibiti ki yi bayani a yi miki gwajin jini.